Wankan Gawa a Toranke

Shekarar da na shiga digiri na biyu a fannin addinin Musulunci, malamin da ke duba aikina ya ce in rage kwafo littattafai, in je in ga yadda mutane ke yi wa juna hidima saboda Allah. Na zaɓi matan da ke wankan gawa a ƙauye. Ni 'yar gidan malamai ce a Gaya, tun ina ƙarama na haddace babin jana'iza a gaban mahaifina, don haka na ɗauka aikin ba zai ba ni wuya ba.

A Toranke aka haɗa ni da wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya. Ta daɗe tana wannan aikin, ba ta karɓar komai, ko guntun sabulun da ya rage sai ta bar wa masu gida. Sanyin ƙashi ya kama mata hannun dama. Nakan je in zauna a ɗakinta ina naɗar muryarta a waya, tana ɓarar gyaɗa a hankali tana ba ni amsa.

Wata rana da hantsi, cikin damina, ina tsakar yi mata tambaya aka aiko cewa an yi rasuwa. Wata mata ce da ta daɗe a kwance. Wadda ta saba taya Iya kuma tana can gona mai nisa.

"Malama, taso mu je," in ji Iya. "Ruwa kawai za ki zuba mini."

Ɗakin ƙarami ne, ga wari. Iya ta murje ganyen magarya a bokiti, ta rufe mamaciyar da zane, ta yi mata alwala, ni ina zuba ruwa da buta. Da aka zo wanke jiki, sai na ga ta fara da ɓangaren hagu.

Na ce, "Iya, ai da dama ake farawa."

Ta ɗago ta dube ni. "Na sani, 'yar nan. Hannun ne ya ƙi ɗaga ta ta can. Ajiye butar ki kama mini kafaɗarta."

Na ajiye, na miƙa hannu. A nan na ga bayan matar duk gyambo ne, tabarma ta manne da fatar. Na janye hannuna. Na ce bari in ƙaro ruwa, alhali bokitin ko rabi bai yi ba. Na fita na raɓe a bayan rumbu.

Yayar mamaciyar, wadda ke zaune a tsakar gida tana kuka, ita ce Iya ta kira a maimakona. Ta share hawaye ta tashi. Da za ta wuce ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama, Allah ya ba da lada." Ta ɗauka gajiya ce ta fito da ni.

A hanyar komawa Iya ba ta ta da maganar ba. Ta dai tambaye ni ko na karya kumallo. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na gama kundina. A babi na ƙarshe na ba da shawarar a riƙa koya wa 'yan mata wannan aiki kafin tsofaffin su ƙare. Ban rubuta abin da ya faru ranar ba. Malaman da suka yi mini jarrabawa sun yaba da shawarar, ɗaya har ya ce ya kamata a buga ta.

Yanzu ina koyar da matan aure a Islamiyyar gidanmu. In aka zo babin jana'iza, nakan shimfiɗa matashin kai a kan tebur in nuna musu komai daki-daki, suna rubutawa. Bara wata ɗaliba ta tambaye ni gawa nawa na taɓa wankewa. Na ce mata lokaci ya ƙure, mu bari sai gobe. Ba ta sake tambaya ba, amma tun daga ranar ta koma zama a layin baya.