Makiyayin da Aka Hana Lasar Kanwa

Ranar kasuwar Cadawa, Nomau yana zaune a bayan buhunan kanwarsa, sai ga wani makiyayi ya tsaya a kansa. Dogo ne mai siririn wuya, amma fuskarsa ta kumbura har idanun sun shige ciki. Ya tsaga takalmansa na roba da wuƙa don ƙafafun su samu wuri.

"Baffa, ka yi ƙiba! Damina ta karɓe ka," in ji wani mai goro da ke gefe.

"Ƙiba?" Makiyayin ya danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya ƙi cikowa. "Ruwa ne. Likita ya ce masu gadin jikina ne suka rikice, maimakon su kori cuta, suka far wa rariyar ƙodata. Ya hana ni gishiri, ya hana ni kanwa. Ba maye, ba sammu. To wa zan kai ƙara?"

Makiyayin ya ɗauki dunƙule ɗaya daga cikin buhu. Nomau yana kallonsa yana juya dunƙulen kanwar, yana shinshinawa, yana ƙwanƙwasawa da farce. A ganin Nomau, mai irin wannan hannu tun tasowarsa da harshe yake zaɓa wa shanu kanwa. Dunƙulen ya kusa taɓa leɓe, sai hannun ya tsaya.

Ya ja dogon tsaki, ya miƙa wa Nomau.

"Lasa mini, ɗana, ka faɗi gaskiya don Allah, shanuna ne za su sha. Wai yau ni ne ke tambayar mai kaya ko kayansa na da kyau."