Mai Jinyar Injuna

A ma'aikatar nan mai hawa tara, Mai Suwaita kowa ke ce masa, su ma 'yan kaɗan ɗin da suka san da shi ke nan. Ko rana na gasa ƙeya za ka gan shi da suwaita ruwan toka, gwiwar hannunta ta sha faci. Ba hauka ba ne. Wurin aikinsa a ƙarƙashin bene yake, wani dogon ɗaki marar taga, iyakwandishan shida na busawa ba hutu.

A ɗakin akwai injuna arba'in jere cikin kabad-kabad na ƙarfe, cikin kowanne maƙil da faya-fayai. Duk abin da mutum dubu uku na sama suka rubuta a kwamfutocinsu, da wasiƙa, da zanen gini, da hoton da bai kamata a ajiye a ofis ba, nan yake gangarowa ya kwanta. An ɗinke injunan da wayoyi sun zama rumbu guda. Kowace takarda kuma wuri uku ake ajiye ta, a injuna uku daban, ta yadda in ɗaya ya mutu, biyun za su sake haifo ta uku a wani wuri. In rumbun ya cika ba a rushe komai, sabon inji ake kawowa a jona, tsofaffin su matsa su raba masa kaya. Wanda ya ƙirƙiro abin dai ya san halin duniya.

Shekara goma sha tara Mai Suwaita yana gadin wannan rumbu. Da safe zai bi layi yana kallon 'yan fitilu, tafin hannunsa na shafa ƙofofin kabad kamar mai taɓa goshin yara. Kore lafiya. Ja kuwa, faifai ya mutu. Sai ya zare mataccen, ya zura sabo, ya jawo kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajera ya zauna. Kwafe kayan cikin sabon faifai yakan ci awa goma, wani lokaci yini biyu, shi kuwa yana nan, ido a kan allo, yana kallon lamba na hawa. Ba wanda ya sa shi. Shi dai a ganinsa ba a barin marar lafiya shi kaɗai.

Na sama ba sa tunawa da shi sai fayil ya ƙi buɗewa, kuma da yake ba ya ƙi, ba sa tunawa. Ya taɓa aure, matar ta gaji da hira da ƙeyar miji ta kwashe kayanta, ba faɗa ba zagi. Hutun shekara kuwa rabonsa da shi tun injunan suna goma sha biyu. In aka ce ya tafi sai ya ce, “Wa zan bar wa?”

A duniya mutum ɗaya ya rage masa, Yaya. Uwarsu ta rasu yana shekara huɗu, Yaya ce ta goya shi, ita ta riƙa ja masa kunne har makaranta, ita ke saƙa masa hula don tun yana ƙarami sanyi ke kama shi a ka. Tana zaune wajen ɗiyarta, tafiyar rabin yini a mota. Rabin yinin nan ya gagare shi shekara shida.

Ɗiyar ce ta fara kira.

“Kawu, Mama fa ta soma mantuwa. Jiya ta sa takalminta a firji.”

“Tsufa ne. Ki gaishe ta. Muna jona sababbin injuna, in an gama zan zo.”

Aka gama jonawa, faifai ya mutu. Aka gama da wannan, wani ya mutu. Ina za a tara faifai ɗari huɗu a ɗaki ɗaya a rasa gawa? Bayan wata uku ta sake kira, muryar ba wasa a ciki.

“Kawu, yau ni ta tambaya ko 'yar wace ce. Kai kaɗai take ambata. In za ka zo ka zo tana da sauran wurin ajiye ka.”

“Saura kashi sittin,” in ji shi, idonsa a allo.

“Kashi sittin na me?”

Kafin ya yi mata bayanin faifan da ake kwafewa, ta kashe wayar.

Ashe Injiniya na tsaye bayansa. Ita ce sabuwar shugabar sashen, mace gajera mai saurin tafiya, ba ta fi shekara a wurin ba, kuma ita kaɗai ke saukowa ta gaishe shi ba don wani abu ya lalace ba.

“Baba, wa ke kwance?”

“Inji na sha bakwai. Faifai na uku daga sama.”

“A waya nake nufi.”

Ya faɗa mata a taƙaice, kamar mai ba da labarin maƙwabci. Ta dube shi, ta dubi kujerar.

“To zaman me kake yi a nan? Tofi kake masa?”

“Ranki ya daɗe, in wani ya sake mutuwa kafin wannan ya gama fa?”

“Sai na uku ya riƙe. Kai ka jera su da hannunka, ni za ka tambaya?”

“Ba a dai barinsu.”

Ta zaga bayan kabad, ta laluba inji na talatin, lafiyayye garau, ta kama fuloginsa biyu ta fizge. Fitilunsa suka ɗauke gaba ɗaya. Mai Suwaita ya miƙe har kujera ta kife, yana salati.

“Tsaya, Baba. Saurari wayar ofis.”

Suka tsaya. Iyakwandishan na ta huci. Minti biyar, minti goma, wayar da ke kan tebur ko tari ba ta yi ba. Mutum dubu uku a sama suna ta buɗe takardunsu, ba wanda ya san an kashe inji sukutum a ƙarƙashin ƙafarsa.

“Ka gani? Aikinka ne ya yi kyau,” in ji ta, tana mayar da fulogin. “Je ka, sati uku. In na gan ka a ƙofar nan gobe, maigadi zan sa ya kore ka.”

Ita yabo ta yi. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa daban. Shekara goma sha tara yana zaman jinyar abin da ke warkar da kansa.

Washegari da hantsi ya hau mota, suwaita a jiki, waya a tafin hannu. Duk inda aka tsaya sai ya duba ko an kira. Ba a kira ba.

Ya tarar da Yaya a kan kujera bakin taga, ta ƙanƙance, gashi fari fat, ƙwallon zare a cinya. Ɗiyar ta durƙusa kusa da kunnenta.

“Mama, ga Kawu. Ga autanku ya zo.”

Yaya ta kalle shi sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa mai tallan da ba ta yarda da kayansa ba.

“Wannan tsohon? Ke dai ba ki da kunya. Sannu da zuwa, bawan Allah. A ba shi ruwa mana.”

“Yaya, ni ne.”

“Kowa ma shi ne,” in ji ta. “Daga ina?”

Ya faɗa mata sunan ma'aikatar. Nan take fuskarta ta washe.

“Kai! Ai ƙanena a can yake. Ka san shi? Wani siriri, kunnuwa kamar faranti. Shi ke riƙe da wurin duka. In ya fita minti ɗaya komai rushewa yake, shi ya sa ba ya zuwa. Ba ƙin zuwa yake ba, kar ka ji mutane na faɗa.”

Ya ce ya san shi.

“Yana cin abinci?”

“Yana ci.”

“Ƙarya kake, amma na gode.”

Ta laluba ƙarƙashin matashi ta jawo hula shuɗiya, saƙar ta karkace, wani wuri ido ya zube. Ya miƙa hannu, ta buge shi.

“Ba taka ba ce. Ɗakin da yake aiki sanyi ne da shi kamar me. In ya zo da kansa zan sa masa.”

Ɗiyar ta juya ta shige kicin, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Ya yi sati ukunsa a gidan. Kullum da safe sai an sake gabatar da shi, kullum Yaya ta sake tambayarsa ko ya san ƙanenta, shi kuma ya ba ta labarin ƙanen, har da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, irin yadda yake cin abincin rana a tsaye yana fuskantar bango. Ta ce a gaya masa ya riƙa zama, ba kyau. Wayarsa na kan taga, sau ɗaya ta yi ƙara, shi ma wani ne ya yi kuskuren lamba.

Ranar da hutun ya cika, ɗiyar ta fito masa da jakarsa ta ajiye bakin ƙofa. Ya dubi jakar, ya ɗauki waya ya kira Injiniya.

“Lafiya lau, Baba. Faifai biyu sun mutu, an canza. Sati nawa za ka ƙara?”

Ya ce bai sani ba tukuna. Ta ce ba komai, kuma ya ji a muryarta da gaske ba komai ɗin.

Ya mayar da jakar ɗaki, ya jawo kujera kusa da taga. Yaya ta miƙo masa ƙwallon zaren ba tare da ta dube shi ba.

“Riƙe min nan, bawan Allah, tunda kai ba ka da aikin yi.”

Ya riƙe.