Kwana ɗayan da na hana Yaya Ilyasu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Ilyasu, kuma har yau ban daina jin nauyin kwana ɗaya da na hana shi ba.

Kafin mu zo New York, direban hamada ne tsakanin Agadas da Bilma. A nan kuwa ya ƙare yana jigilar ma'aikatan filin jirgi daga unguwar Jamaica, kullum cikin cunkoso. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai ya kan ce idonsa ya gaji da gini.

Ƙasa da shekara guda kafin rasuwarsa ya matsa mini muka tafi wani gandun hamada a California, muka yi hayar mota da tanti. Muna sauka daga kwalta ya fito ya rage iskar tayoyi, ya damƙi yashi ya murza, sai na ga mutumin da na sani a gida ya dawo. Kuma duk motar da ya hango a tsaye sai ya tsaya ya miƙa ruwa, domin a wurin direbobin hamada ba a wuce motar da ta tsaya. Alhali Turawa ne, hoto kawai suke ɗauka! Na yi ta yi masa tsiya, ko a jikinsa.

Ranar komawa, muna naɗe tanti da safe, ya ce, "Sani, mu ƙara kwana ɗaya mana. Akwai abin da nake so ka gani bayan dutsen can."

Na ce, "Haba Yaya, shagona a rufe fa. Sai baɗi."

Ya ƙarasa naɗewa. Azumi bai zagayo ba muka yi masa salla.

Da zai ga yau, na san zai yi mini dariya. Shagon da na yi ta rawar jiki a kansa a unguwar Stapleton na sayar, gwiwa ta hana ni tsayuwa. Lokaci ga shi nan har ya yi mini yawa, mai tuƙin ne babu. Ina kewarsa ƙwarai.

'Yarsa Zainabu ta gaji halinsa, ba ta wuce mai neman taimako a hanya. Watan jiya ta zo gidana a unguwar Park Hill da taswirar gandun, ta ce ita za ta tuƙa mu. Ta shimfiɗa ta a gabana, cikin Hausarta mai tsami ta ce, "Baffa, nuna mini. Me Baba yake so ka gani?"

Na daɗe ina kallon takardar. Ko tambayarsa ban yi ba a ranar.