Ranar da Rigar Bawa Gyartai ta Jiƙe

Duk ran kasuwar Sassumbrum, kafin masu nono su iso, Bawa Gyartai ya riga ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya. Ya hura 'yar wuta ya sa basilla a ciki, ya jiƙa zaren kaba a kasko, sannan ya zauna jiran ƙwarya. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Yau gemu ya yi fari fat, kuma galibi jiran ne kaɗai aikin.

Wanda bai ga zamaninsa ba zai ce ƙari ake. Matan rugage tun daga wajen Waca kan zagaye shi, kowace da tata a hannu. Yana da wata al'ada da aka san shi da ita: in ya gama ɗinki ba ya miƙa ƙwarya sai ya cika ta da ruwa, ya ɗora a cinya bisa farar rigarsa, ya ci gaba da hira. In aka ɗaga aka ga ko ɗigo ɗaya, ya warware ya sake. Mata kan tsokane shi, wai ya fi akuya tsoron ruwa. Shekara da shekaru ba wanda ya ga rigar nan ta jiƙe.

Sai duniya ta kwararo cikin kasuwar. Manyan motoci suka riƙa sauke roba, ja da shuɗiya, daga ƙasashen da Bawa ko sunansu bai iya faɗa ba. Roba kuwa ba ta san gyartai ba, in ta fashe sai bola. Madarar gari ta biyo baya a buhu, ta fi ta saniya araha a garin da shanu ke kwana bayan ɗaki. Manoma suka daina shuka duma. Da yawa cikin matan da ke tsokanarsa sun kwashi 'ya'ya sun bi mota Aljeriya. Ilyasu, ɗansa da ya ci burin zai gaje shi, rumfar roba ya buɗe, tana kallon tsamiyar. Kada kowa ya zagi Ilyasu, da robar nan ake ɗora tukunyar da Bawa ke ci. Abin da ya fi cin ran tsohon ke nan, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, ga shi babu wanda zai miƙa wa basilla.

Bara bayan kaka, Goggo Hinda, wata tsohuwa mai tallan nono, ta kawo ƙwaryar tatsa da ta gada wurin uwarta, duk jikinta tsofaffin ɗinkunansa ne. Bawa ya lalubi tsagar da yatsa, ya ɗinke, ya zuba ruwa ya ɗora a cinya. Aka ɗaga. Rigar ta jiƙe.

"Zufa ce, Gyartai," in ji Hinda. "Ba ni abata."

Ya ce, "Hinda, rigar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya warware ya sake, har la'asar, ta sake yoyo. Sai ya aika aka kira Ilyasu, ya roƙe shi ya ara masa ido, ya sa masa hannu a ɗinkin. Ilyasu ya durƙusa ya karɓi basilla, ya juya ta ya sake juyawa, bai san ta inda ake soma huda ba. Kunya ta kama shi. Ya koma rumfa ya zaɓo roba mafi kyau ya ba Hinda kyauta. Ta yi godiya, ta sa ƙwaryar uwarta a cikin robar, ta aza a ka ta tafi. Mutane sun ce Bawa ya zauna nan bisa buzunsa har wutarsa ta mutu.

Baba Bawa, kai ne ka koya wa kasuwa guda cewa abin da ya tsage ba a yar da shi. Kai ne ka ƙi karɓar ƙaryar da aka yi maka don tausayi, alhali ba wanda zai ga laifinka. Gyartai mai haɗa rabe, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Raina yana ɓaci in na tuna cewa godiyar nan ba ta iya mayar maka da ido, balle ta kawo maka magaji.

Ku da ke da matasa suna zaman jiran motar arewa, ku tura ko ɗaya gindin tsamiyar nan ya zauna ya koya, tun hannun yana tuna abin da ido ya bari. Ku hanzarta. Kasuwar da ta wuce yana nan bisa buzunsa, basilla a wuta, farar rigar a bushe ƙayau, don har rana ta faɗi ba wanda ya kawo masa ƙwarya.