Tayar ciki a hanyar Madina

Shekarun baya, lokacin ina direba a gidan wani Balarabe a nan Makka, mahaifiyata ta zo Umra. Zuwanta na farko ke nan, kuma ta zo da ciwon baya da ba ya barinta ta yi awa guda a zaune. Ɗawafi a keke aka tura ta. Zancen Madina kuwa sai ya gagara, don bas da jirgin ƙasa duk zama ne. Ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai duk wadda ta dawo daga ziyara a masaukinsu na Misfala, sai ta zaunar da ita ta yi ta tambayarta yadda Rauda take.

Da kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya ji labari, sai ya miƙo min makullin karafan ɗinsa, irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda nake kai iyalinsa Ɗa'ifa da ita idan zafi ya tsananta. Ya ce, "Kai mahaifiyarka, ta kwanta har ku isa."

Motar tayoyi shida gare ta, biyu a gaba, huɗu a baya bibbiyu a haɗe. A bakin kowacce akwai ɗan murfi mai auna iska, yana aika lamba zuwa wani ƙaramin allo kusa da sitiyari. Ni kuwa raina abin nake yi. Wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, ai ƙafarsa ce ma'auninsa. Da safe na zagaya na daddaki tayoyin waje, na ji su tam, muka kama hanya.

Mun yi kamar awa ɗaya da fita gari, rana ta fara ƙuna, sai allon ya soma ƙara. Na danna na kashe. Ba a jima ba ya sake. Na sake kashewa. A karo na uku sai na ji muryarta daga kan gado. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai, mene ne wannan yake ta kuka?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Wai iskar taya yake cewa ta ragu. Ƙarya yake, zafi ne ya ruɗa shi."

Ta ce, "Abin da ba ya ci ba ya sha, me zai samu idan ya yi maka ƙarya? Tsaya a duba."

Ban so ba, amma ba a musu da ita. A gidan mai na gaba akwai banshar, wato wurin masu faci, na ratse. Wani dattijo ya fito yana goge hannu. Na fara yi masa Larabcina na direbobi, ya dube ni ya ce, "Samari, yi Hausarka." Ashe mutumin Damagaram ne.

Bai ko kalli tayar waje ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, jim kaɗan ya kira ni. "Zo ka sa hannu nan." Na taɓa tayar ciki ta hagu, na janye da sauri, kamar na taɓa tukunya a kan wuta. Ya haska min kan wata ƙusa da ta nutse a jikinta.

Ya ce, "Wannan ta kusa kwanciya, ta bar wa 'yar'uwarta kayan biyu. A kwaltar nan, da ka ƙara rabin awa sai ɗaya ta fashe ta ja ɗayar. Wa ka ɗauko?"

Na ce, "Mahaifiyata."

Ya dube ni, ya mayar da kansa kan tayar. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Na ce ya cusa mata igiyar faci daga waje mu wuce. Ya ƙi. Ya ce mota mai nauyin gida ba a yi mata aikin gaggawa. Ya ɗaga ta da babban jak, ya cire tayoyin biyu, ya jira ta cikin ta huce, ya duba bangonta bai lalace ba, sannan ya liƙe ta daga ciki. Ya bi sauran biyar da ma'auninsa ya auna su ɗaya bayan ɗaya, har da safaya, yana nuna min lambar tasa da ta allon. Duk sun zo daidai. Mahaifiyata kuma ta aiko ni da dambun naman da ta zo da shi daga gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya a ƙofar motar ya ce, "Hajiya, idan kin isa ki yi min sallama ga Manzon Allah." Ta ce in sha Allahu da shi za ta fara.

Mun shiga Madina bayan la'asar, ta yi kwana uku, ta shiga Rauda sau biyu. Ba ta sake zuwa ƙasar nan ba har Allah ya karɓi abarsa.

Yau ko ƙaramar mota zan tuƙa, sai na durƙusa na auna iska kafin na tayar, abokan aiki suna min dariya ina yi. Na sha bi ta gidan man nan, amma an rushe banshar ɗin an gina wurin cin abinci, kuma babu wanda ya san inda dattijon ya koma. Ban tambayi sunansa ba. Idan na zo yi masa addu'a sai dai in ce, "Ya Allah, mai facin nan na Damagaram, Kai ka san shi."