Goggo Hanne da Tiyatar da Ba a Tambaye Ta Ba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Goggo Hanne, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Kibiya tun daga yaye har na tafi makarantar kwana. Allah Ya jiƙanta. Na zauna da niyyar rubuta alherinta kawai, amma wallahi abin da aka yi mata ne yake ta taso mini.

Ana gab da samun mulkin kai jini ya ɓalle mata, ya ƙi tsayawa. Aka sa ta a bayan motar gyaɗa daga Rano zuwa wani asibiti a birnin Kano. Likita Bature ya duba ta, ya fita baranda da tafinta, aka kira mijinta Malam Sule da mahaifina. Can aka gaya musu sai an cire mahaifa in ana son ta rayu. Suka amince. Ita kuwa tana kwance a ciki, idonta biyu, hankalinta garau, ba wanda ya leƙo ya ce mata uffan. Da ta farfaɗo aka ce an wanke mata ciki ne.

Ba mugunta suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Malam Sule yana sonta ƙwarai. Tausayi ne ya sa suka haɗa baki, wai kada hankalinta ya tashi, tunda 'ya'yanta biyu duk sun koma tun suna jarirai.

To, ina tausayin ya kai ta? Shekara da shekaru Goggo tana neman haihuwa. Da idona na ga tana shan jiƙo mai ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba. Ta sha rubutu, ta yi azumin nafila, ta taka har Tarai wajen wata tsohuwa mai magani. In ta ɗan ji motsi a cikinta sai ta shafa shi tana murmushi, Malam Sule ya sunkuyar da kai ya fice.

Sai wata damina da ta ɗaura niyyar zuwa wani ƙauye bayan Fassi neman magani, ga rafi ya cika ya batse, mahaifina ya tare ta a zaure ya faɗa mata gaskiya. Ina bayan ƙofa. Ta ce, "Yaya, da kun tambaye ni ai cewa zan yi a cire. Wa ya ƙi rai? Amma da ni na faɗa da bakina." Ya ce, "Hanne, gudun ɓacin ranki muka yi." Ta ce, "To ga shi kun adana mini shi, ya yi auki."

Yanzu ana ta faɗa a rediyo cewa doka ta hana a taɓa majiyyaci sai an yi masa bayani ya yarda. Madalla. Amma kwanan baya na raka wata maƙwabciyata asibiti, ma'aikacin yana magana yana kallon mijin, kamar matar buhun dawa ce aka kawo awo. Aka miƙa wa mijin biro. A gida ma ba mu sake ba, har gobe muna cewa, "Kada a gaya wa Inna." Jikin wa za a yanka? Wa zai kwana da ciwon? Ko a ɗaurin aure addininmu ya ce a nemi yardar mace, balle a kan wuƙa.

Da Goggo tana nan, na san abin da za ta yi, don ta yi shi har ƙarfinta ya ƙare. Duk matar unguwa da za a kai asibitin Rano, sai ta yafa mayafi ta bi. In an fara ƙus-ƙus da maza sai ta ce, "Malam, ga mai jikin nan. Tana ji, ba kurma ba ce." Wasu su ji haushi, wasu su yi dariya, amma dai a juyo.

Ta yafe wa mijinta da yayanta tun suna raye, ta kuma yi jinyar kowannensu. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Ranar nan da na raka maƙwabciyata asibiti, kafin in ankara, na ji bakina yana faɗin maganarta. Ma'aikacin ya harare ni, sannan ya ja kujera ya zauna kusa da matar.