Yaƙin Ingila da Faransa da ya hana ni kujera

Shekarun baya na yi wani karatu da ban taɓa shan wuya kamarsa ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yanci ba, Turawa na kwashe kayansu, ni kuma planto ne, wato ɗan aike, a wani biro na gwamnati nan Agadez, aikina shara da kai takarda. Aka ce za a ɗauki magatakarda ɗaya a cikinmu, amma sai mai sartifika, takardar shaidar karatu. Ni da abokina, shi ma planto, muka shiga lakwal, makarantar manya ta bayan la'asar.

Lissafi bai ba ni tsoro ba. Tarihi ne ya kashe ni. Wai yaƙin Ingila da Faransa, shekara ɗari da 'yan kai, sarakunan duk sunansu iri ɗaya. Abokina ya haddace shekarun kamar mai tilawa. Ni in na haddace da yamma, kafin gari ya waye sun gudu.

Wata rana mahaifiyata na saƙar tabarma a gidanmu na unguwar Dagmanet, ta ce, "Kai, gunagunin me kake ta yi?" Na ba ta labari: sarkin Faransa ya mutu ba ɗa namiji, ɗan 'yar'uwarsa, sarkin Ingila, ya ce sarautar tasa ce, aka ce masa mace ba ta ba da sarauta.

Ta ajiye kabar. Ita dangin uwarta Abzinawa ne, masu bin gado ta wajen uwa. Ta ce, "Ɗan 'yar'uwa? To wa ya fi shi? Ɗan namiji sai an rantse maka, ɗan mace kuwa kowa ya ga inda ya fito. Sun cuci yaron nan."

Daga ranar na fahimci yaƙin sarai, har haushi nake ji.

Ranar jarrabawar baki, malamin da ya zauna gabana, mushe muke ce musu, Bafaranshe ne. Ya ce in faɗi abin da na sani. Da guntun Faransancina na zayyana masa yadda kakanninsa suka danne hakkin mutum. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Na ji. A wace shekara?"

Na ce, "Mushe, da daɗewa."

Da sakamako ya fito, ran nan aka ba abokina kujerar. Har yau in ka tambaye shi dalilin yaƙin bai sani ba, ni ma shekarar ban sani ba. Ban riƙe kowa a rai ba. Na dai gane ba shari'a aka kira ni in yanke ba, kuma nawa ne laifin.

Washegari na riga kowa zuwa biro, na share ƙarƙashin taburin abokin nawa, na tsaya bakin ƙofa ina jiran takardar da zai aike ni da ita.